Yadda ake ɗaure bakan harbi da robar tub ɗin keke bayan an shafa gam

Abin matsewa na ƙarfe yana matsa wuri ɗaya ne tak, jikin baka kuwa a lanƙwashe yake kuma yana sirancewa zuwa baki. Shi ya sa robar tub ta fi dacewa: tana bin jikin itacen ta matse shi ta kowane gefe.

A nemi tsohon tub wurin mai faci, amma a ja shi a gani. Wanda ya fara tsattsagewa zai tsinke ana tsakiyar aiki. A yanke wajen bawul a yar, a tsaga tub ɗin a tsaye da almakashi, faɗin kowane tsagi kamar santimita 2. Tub ɗin keke mai inci 26 yana ba da tsawon kusan mita 2. A wanke farar hodar da ke cikinsa da sabulu, don in ta shiga tsakanin itace gam ba zai kama ba.

Idan ana manna fallen gora ne a bayan baka, a goge fuskokin biyu da sanfefa, a share ƙura, a shafa gam a kan dukkansu. Gam ɗin Araldite mai jinkirin bushewa ya fi, mai kamawa cikin minti 5 ba zai jira ka ba. Kafin roba ta hau, a kama fallen da salatif wuri huɗu ko biyar, domin jiƙaƙƙen gam santsi gare shi, da an fara ja fallen zai zame gefe. Sai a rufe da leda mara kauri don kada roba ta manne da itace.

A fara naɗi daga mariƙi zuwa baki. A ja robar ta ƙaru da kamar rabin tsawonta, kowane zagaye ya hau rabin na baya. Nan ne mutane ke ɓata aiki: suna ja iya ƙarfinsu, sun manta kowane zagaye ƙara matsi yake. Gam ya tsiyaye gaba ɗaya, haɗin ya zama busasshe, ranar da aka ɗaura tsarkiya ya ɓalle. Ɗan gam ya leƙo a gefe, ya isa.

Naɗi ta hanya ɗaya yana murɗa siririn baki, don haka a yi layi na biyu ta ɗaya hannun. Roba kuma ta fi danne gefuna, tana barin tsakiyar falle mai faɗi a ɗage. A shimfiɗa siririn tsinken katako a tsakiya kafin naɗi, matsi zai sauka can. In an gama a cusa ƙarshen robar ƙarƙashin zagayen ƙarshe, a ɗaure bakan jikin miƙaƙƙen katako, a hango shi daga baki zuwa baki tun gam bai kama ba.

A ajiye a inuwa awa 24. Farin gam na kafinta kuwa a ba shi kwana 2, saboda leda da roba suna hana ruwansa fita.

Ga sartsen da ya ɗago a bayan baka, a ɗura gam ƙarƙashinsa, a kwantar, a naɗa roba santimita 5 gaba da baya. Bayan an kwance a naɗe wurin da zare mai ƙarfi ko jijiya, sannan a riƙa jan tsarkiya kaɗan-kaɗan ana sauraren ƙara. Tsagewar da ta yanke itacen a kwance dai ba ta gyaruwa da roba, a sauke tsarkiyar wannan bakan.