Yadda Ake Sabawa da Gidan Masu Masauki Idan Karatu Ya Kai Ka Amurka

Daren farko da na yi a wani ƙaramin gari na jihar Ayowa, da yunwa na kwana. Matar gidan ta tambaye ni ko in ƙara abinci, na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi, ina jiran ta matsa mini sau biyu ko uku kamar yadda gwaggona za ta yi. Sai kawai ta ce to, ta rufe kwanon ta jefa a firji. Ita ta ɗauki maganata da gaske, ni kuwa kara nake yi mata.

Ko ta irin shirin musayar ɗalibai na YES ka je, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumban 2001, ya kuma ɗauki 'yan sakandare da dama daga Najeriya har da na Arewa, ko ta wata hanyar daban, abin da zai fi ba ka wuya a gidan mutane shi ne kunyar da aka yabe ka da ita a gida. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: yi magana tun kafin ka tashi

Da zarar an ba ka adireshin gidan, rubuta musu saƙo. Gaishe su, aika hoton iyalinka, sannan ka faɗi abu uku ƙarara: ba ka cin naman alade, ba ka shan giya, kana salla sau biyar a rana. Idan mace ce ke kuma kina sa hijabi, ki faɗa. Gara su sani suna da mako uku na shiri da su ji a kan teburin cin abinci bayan uwar gida ta gama wahalar girki.

Tsaraba kuwa, ka ajiye batun kilishi da dambun nama. Jami'an kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shigo daga ƙasashenmu, kuma ɓoye shi na iya jawo maka tara. Hula, turmin atamfa, jakar fata ta Kano ko ƙaramin faifai sun wadatar. Idan ka ɗauki yaji, ka bayyana shi a filin jirgi. Ka duba cajarka ma: wutarsu 120 ce, tamu 230, bakin soket ɗinsu kuma daban ne.

Mataki na biyu: tambayi dokar gida a makon farko

A irin waɗannan shirye-shirye na 'yan sakandare, masu masauki ba a biyansu. Sun ɗauke ka ne a matsayin ɗan gida, don haka wanda ya zauna yana jiran a yi masa hidimar baƙo zai ba su mamaki. Ɗauki takarda da biro ka zauna da su. Da wane suna zan kira ku? Ƙarfe nawa ake cin abincin dare? Zan iya buɗe firji da kaina? Wa ke wanke kaya, kuma yaya injin yake aiki? Ƙarfe nawa ake rufe gida?

Batun suna ya ba ni wuya ƙwarai. Mai gidan ya girmi mahaifina, amma ya ce in kira shi da sunansa gatsal. Wata biyu ina kewaye-kewaye, sai in yi gyaran murya in jira ya waiwayo. Daga baya na gaya masa cewa a wurinmu ba a kiran sa'an uba da suna, muka daidaita a kan in riƙa ce masa Baba. Har yau haka 'ya'yansa ke tsokanarsa.

Ka koyi kallon mutum a ido idan yana maka magana. Sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne a Sakkwato ko Damagaram, a can kuwa sai a ɗauka kana ɓoye wani abu, ko maganar ba ta dame ka ba.

Mataki na uku: abinci

In kana so, ka ce kana so. In ba ka so, ka ce ba ka so, ka yi godiya. Sau ɗaya ake tayi.

Cewa ba ka cin alade kaɗai bai isa ba, don sau da yawa su kansu ba sa lissafa wasu abubuwa a cikinsa. Ka haddace waɗannan sunaye yadda ake rubuta su a jikin leda: bacon, ham, pepperoni, lard. Na ukun shi ne jan naman da ake yanka fale-fale a kan fiza, na ƙarshen kuma kitsen alade ne da kan shiga wasu kayan gashi. Gelatin ma, wanda ke cikin alewa mai danƙo, sau da yawa daga alade ake samunsa. Maganar yankan sauran nama kuwa, ka tambayi malaminka tun kana gida ka tsayar da matsaya guda, saboda a ƙananan garuruwa kantin naman halal na iya yin nisan tafiyar awa guda ko fiye. Kifi da ƙwai da wake za su rufa maka asiri.

Idan azumi ya zo, ka yi musu bayani tun saura mako, musamman sahur, kada su ji motsi a kicin da asuba su ɗauka ɓarawo ne.

Mataki na huɗu: banɗaki da salla

Nan ne aka fi samun saɓani, kuma nan ne kowa ke jin nauyin magana. Banɗakinsu ba shi da magudanar ruwa a ƙasa, wani ma katako ne a ƙarƙashin tayil ɗin. Ruwan alwalar da ka zubar zai kwanta a wurin, mai shigowa da safa ya taka, ransa ya ɓaci, ya yi shiru. Ka tafi da ƙaramar buta a jakarka, ko ka sami gorar roba. Ka wanke ƙafa a cikin bahon wanka, ka ajiye tawul na musamman don goge ƙasa duk lokacin da ka gama. Ka gaya wa uwar gida amfanin butar, in ba haka ba za ka tarar da ita a bakin taga ana ba fulawa ruwa da ita. Tawa haka ta ƙare.

Alƙibla daga tsakiyar Amurka arewa maso gabas take, don haka kada ka dogara da inda rana ke fitowa, ka duba manhajar waya. Lokutan salla ma suna tafiya da damina da hunturu fiye da yadda muka saba. A watan Disamba rana kan faɗi a Ayowa kafin biyar na yamma, wato azahar ta same ka a makaranta, la'asar kuma tana neman ƙwacewa kafin ka iso gida. Nemi shugabannin makaranta su ba ka wani lungu na minti biyar. Ka kuma sanar da mutanen gida cewa idan ka tayar da salla ba ka amsa kira, kada yaro ya yi ta ƙwala maka suna a ce ka yi masa banza.

Mataki na biyar: kare

A gidaje da yawa kare ɗan gida ne, yana da suna, yana hawa kujera. Kada ka yi masa tsawa ko ka ɗaga masa ƙafa, abin zai yi musu zafi kamar ka taɓa ɗansu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wannan ya sauƙaƙa abin. Duk da haka kana iya roƙon kada ya shiga ɗakinka, ka riƙa rufe ƙofa, ka ninke darduma ka ɗora a sama.

Mataki na shida: fito daga ɗaki

Kewar gida kan tsananta bayan ɗokin makonnin farko ya wuce, sanyi ya shigo. Lokacin ne za ka so ka kulle kanka kana WhatsApp da mutanen gida. Najeriya da Nijar suna gaban Ayowa da awa 7 a hunturu, awa 6 idan sun sauya agogo a bazara, saboda haka mai bin hirar gida zai raba dare yana danna waya, ya tashi da safe fuska a murtuke. Tsayar da rana ɗaya a mako don doguwar hira da Inna da Baba. Sauran ranakun ka zauna a falo, ko da ba ka gane barkwancin da ake yi a talabijin.

Ka wanke kwano, ka fitar da shara, ka kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, namiji ne kai ko mace. Ranar godiya da suke yi a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, inda dangi ke taruwa a kan gasasshen talotalo, ka nemi a bar ka ka dafa wani abu. Ni shinkafa da wake na yi da mai da yaji. Ka kunna fankar da ke saman murhu kafin mai ya yi zafi, don akwai na'urar hayaƙi a rufi, kuma kukanta na tayar da gida duka.

Mataki na bakwai: idan an saɓa

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Idan ƙaramin abu ne, same su kai tsaye a ranar, ka ce ban fahimci abin da ya faru ɗazu ba. Kada ka fara kai ƙara gida, don iyayenka ba abin da za su iya daga nesa sai rashin barci. Idan sun gayyace ka coci, kana iya cewa a'a cikin ladabi, babu mai ikon tilasta maka.

Idan abin ya wuce haka, akwai jami'in shirin da ke kula da yankinku, wanda doka ta ɗora masa tuntuɓar ɗalibi da masu masauki duk wata. Gado naka kai kaɗai da abinci sau uku a rana haƙƙinka ne. Wanda ya hana ka waɗannan, ko ya matsa maka kan addini, ko ya taɓa ka ta hanyar da ba ta dace ba, ka kira jami'in nan take, ana iya sauya maka gida. Rubuta lambarsa a takarda ka sa a aljihun rigar sanyi, tare da adireshin gidan da lambar gaggawa ta 911, don batirin waya kan mutu da wuri idan sanyi ya yi tsanani.