Injin jirgi ya ƙi tashi: duba fulogi kafin ka kwance kafireta

Daga Mai Wurno da Sinnar zuwa tafkin Rusairis a Damazin, har Kosti da Jabal Auliya a kan Bahar Abyad, injin da aka fi gani rataye a bayan jiragen masunta shi ne wanda ake haɗa wa fetur da mai a tanki ɗaya, irin Yamaha Enduro mai doki 15 ko 40. Makana ce mai sauƙin hali. Mai, wuta da matsin iska a cikin silinda kawai take buƙata, kuma in ta ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya yanke. Abin da ke ɓata wa mutane rana shi ne garaje: mutum ya yi ta fizgar igiya har kafaɗa ta sage, daga nan ya kwance kafiretar da ba ta da laifi.

In a tsakiyar ruwa ne, jefa anka tukuna. Wanda ya duƙufa kan inji ba ya ganin inda ruwa ke kai shi, kuma a saman madatsar Sinnar wannan ba abin wasa ba ne.

Fara da abubuwan da ake jin kunyar faɗa. Maƙalin igiyar kashe inji yana wurinsa? In ya zame, ko da ɗan kaɗan, babu wuta. Giya tana firi? Akwai abin da ke riƙe igiyar tayarwa in giya na ciki. Ɗan sukurun da ke kan murfin tanki a buɗe yake? In an ɗaure shi iska ba ta shiga, mai ba ya fita, za ka ga cikin tankin ya lotsa. Sannan ƙwallon robar da ke kan tiyo: kibiyar da ke jikinsa ta kalli inji, ka matsa shi har ya yi tauri. In ya ƙi tauri, ko tanki ya ƙafe, ko tiyo ya tsage yana zuƙar iska, ko bakin tiyon bai zauna daram ba. In ya lotse ya ƙi dawowa, toshewar tana ɓangaren tanki.

Inji mai sanyi, ja cok, wato abin da ke rage iska don mai ya ƙaru, totur a kan alamar tayarwa. Janyo igiya a hankali har ka ji ta kama, sannan ka fizga da ƙarfi sau ɗaya. Da ya yi tari, mayar da cok. In ka ja sau biyar ko shida shiru, dakata haka nan, ɗauko sifanar fulogi.

Fulogi shi ne shaidan da ya ga abin da ya faru a ciki. Kwance su duka biyu ka dubi bakinsu, ka sunsuna.

In ya fito a jiƙe, yana warin fetur, mai na zuwa, har ya yi yawa. Sau da yawa cok ne aka ja wa inji mai zafi, sai mai ya shaƙe shi. Cire maƙalin kashe inji, mayar da cok, buɗe totur, ka ja igiya kamar sau goma ba fulogi, man ya fita ta ramukan. Goge fulogin, bar shi ya bushe, ko ka sa sabo. Ka fara ɗaura shi da hannu har ya zauna, sannan sifana, domin kan injin alminiyam ne, zarensa ba ya jure gaggawa. Tayar ba cok, da totur a ɗan buɗe.

In ya sake jiƙewa bai tashi ba, gwada wuta. Sa fulogi a hularsa, jingina ƙarfen jikinsa da gangar inji nesa da ramin, mayar da maƙali, wani ya ja igiya. Yi inuwa da rawani ko riga, don a ranar Sudan ba ka ganin tartsatsi. Shuɗi mai ƙara ƙas-ƙas shi ne lafiya. Ja-ja mai rauni ba zai kunna mai a cikin matsi ba. Riƙe ta wajen roba, kuma kada a ja igiya waya na reto ba ta taɓa ƙarfe, wannan na kashe akwatin CDI, wanda ke sarrafa wutar fulogi. In ɗaya ya ba da wuta ɗaya bai ba da ba, musanya fulogan: in matsalar ta bi fulogi, an gama, in ta tsaya a wayar, hula ce ko koyil, abin da ke ƙara wa wutar ƙarfi. In babu wuta ko'ina, zargi makunnin kashe inji kafin komai, ruwa da tsatsa na sa shi ya riƙe a kashe. A injinan Yamaha farar waya ce ke zuwa gare shi. Zare ta ka gwada. In wuta ta dawo ka kama ɓarawo, amma ka tuna yanzu ba ka da abin kashewa sai jan cok ko zare tiyon mai, don haka dabara ce ta isa gaɓa kawai. CDI ne na ƙarshe da za a zarga, ko da yake shi ake fara sayar wa mutane.

Tazarar bakin fulogi ma a duba. Na kamfanin NGK da lambarsa ta ƙare da 10, kamar B7HS-10, yana son kusan milimita 1. B7HS zalla kuwa 0.6 zuwa 0.7. Sa lambar da littafin injinka ya ce, ba wadda mai shago ke da ita ba. Fulogin da ya yi baƙi ƙirin da maiƙo kuwa yana nuna haɗin mai ya ɓaci. Ga Enduro, bayan awa goma na farko na sabon inji, haɗin shi ne 50 da 1: mililita 20 a kowace lita, wato mililita 400 a jarkar lita 20. A yi amfani da man injin ruwa mai alamar TC-W3. Man mota yana barin toka, kuma zuba shi da ido, wai ƙari ya fi ragi, shi ke kashe fulogi duk mako.

In fulogi ya fito a bushe ƙayau bayan duk wannan ja, mai bai iso ba. Tabbatar da haka: zuba rabin ƙaramin cokali na haɗaɗɗen mai a kowane rami, ɗaura, ja. In ya tashi ya yi daƙiƙa biyu ya mutu, wuta da matsi lafiya lau, sai ka bi hanyar mai. Kwance ɗan kofin matata ka ga abin da ya tara. A ƙasan kwanon kafireta akwai sukurun zubarwa. Sassauta shi, tara abin da ya fito a farar gora, ka ɗaga ta a haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa kamar ƙwayoyin tsakiya. Fetur ɗin da ake saye a jarka da gora yakan zo da ruwa da ƙasa, guguwar ƙura ta habub kuma na ƙara nata duk lokacin da aka bar murfi a buɗe. In ka ga ruwa, juye tankin gaba ɗaya, wanke kafireta kaɗai ba zai yi ba. In ba abin da ya fito ko kana matsa ƙwallo, allurar da ke tsayar da mai ta maƙale. Ƙwanƙwasa kwanon a hankali da ƙotar sukudireba.

Sai yanzu kwance kafireta ke da dalili, musamman in jirgi ya yi wata ɗaya ko biyu a ajiye. A zafin da ke wuce digiri 40, fetur na bushewa ya bar danƙo a ƙaramin jet, ɗan bututun mai na cikin kafireta, wanda raminsa bai kai kaurin allura ba. Wanke da fetur, hura da iska, in ya ƙi a yi da silin wayar jan ƙarfe. Allurar ɗinki na faɗaɗa ramin, injin ba zai ƙara daidaita ba. Kafin ka cire sukurun saiti, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, don ka mayar da shi yadda yake. Yi aikin a kan tire, ba a kan ruwa ba. In kuwa inji na ci muddin kana matsa ƙwallo, ya mutu da ka daina, fatar famfon mai ce ta yage.

Matsi shi ne labari mara daɗi. Igiya ta yi sakwaf, ko ka toshe ramin da babban yatsa ba ka ji ya ture shi ba. A wajen usta, wato makanike, agogon awo zai nuna: ƙasa da psi 90 tashi na wuya, kuma silinda biyun kada su bambanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ringi ne ko gaskit, kuma asalinsa yawanci zafi ne. In igiya ta ƙi motsi sam alhali giya na firi, cire fulogi ka gani ko ruwa ne ya cika silinda. Kada ka tilasta. In kuma inji na fizge igiya daga hannu yana harbi bayan farfela ta daki dutse ko kututture, ɗan ƙarfen nan mai kamar rabin wata da ke riƙe faifan sama da igiya ke juyawa ne ya karye, wuta na zuwa ba a kan lokaci ba.

Masu inji mai maɓalli: cikakken batir na nuna bolt 12.6. Ƙas ɗaya sannan shiru, kan batir ne ya yi gishiri, abin da masu aiki a Bur Sudan da Sawakin suka sani sarai. Kankare, ɗaure, duba fiyus.

Da ya tashi, juya ka kalli fitsarin inji, ɗan ruwan nan da ke tsartuwa a gefe. Daga Yuli zuwa Satumba Bahar Azrak na sauko da laka daga tuddan Habasha, tana toshe mashigar ruwa tana cinye robar famfo. In ruwan bai fito ba cikin daƙiƙa kaɗan, kashe injin. Zura zaren fatsa mai kauri a ramin, ɗaga ƙafar inji ka share ragar mashiga daga leda da ciyawa. In har yanzu bai fito ba, ɗauko filafili ka tuƙa zuwa gaɓa, a canza robar.