Rogaland ga Wanda Ya Sauka Jiya

Yawancin mutanenmu da ke sauka a filin jirgin saman Sola na ƙasar Norway gari ɗaya suka sani, Stavanger, kuma labari ɗaya suka ji a kansa: man fetur. Ba ƙarya aka faɗa musu ba. Tun da aka gano mai a yankin Ekofisk na cikin teku a 1969 garin ya zama cibiyar harkar mai ta Norway, hedikwatar kamfanin mai na Equinor ma tana Forus, tsakanin Stavanger da Sandnes. Sai dai Stavanger ɗaya ne daga garuruwan lardin Rogaland, mai mutane wajen rabin miliyan, kuma wanda ya san lardin ya fi saurin samun muhalli da abin yi a kan wanda ya maƙale a tsakiyar birni yana jiran kamfanin mai ya kira shi. Da farashin mai ya faɗi a 2014, dubban ma'aikata ne suka rasa aiki a nan. Kada ka jingina zamanka da gangar mai.

Kudu da Stavanger akwai Jæren, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma da kiwo, ga shanu ga tumaki har bakin teku. Jirgin ƙasa yana ratsa ta, ya bi Sandnes da Bryne da Nærbø har Egersund. Wannan layin dogo shi zan ce ka fara dubawa idan kana neman haya, domin kana nisa da birni kuɗin gida na sauka, kuma daga Bryne kusan rabin awa ce kawai zuwa Stavanger. Masu kallon ƙwallo, a Brynen nan Erling Haaland ya tashi. Arewa kuma akwai Haugesund da tsibirin Karmøy, inda ake aikin jiragen ruwa da alminiyam, sai an tsallaka da jirgin fito. Gabas sai Ryfylke, duwatsu da rassan teku da kiwon kifi. Tun ƙarshen 2019 ana zuwa can ta hanyar da aka haƙa a ƙarƙashin teku, mai tsawon fiye da kilomita 14, amma akwai kuɗin wucewa. Motocin haya da jiragen ruwa na lardin nan, kamfanin Kolumbus ke gudanar da su. Sauke manhajarsu tun ranar farko.

Takardu kuwa, komai yana rataye da lambar shaida. Ba ta, ba asusun banki, ba BankID ɗin da ake tabbatar da shaida da shi a intanet, ba Vipps, manhajar wayar da kowa ke biyan kuɗi da ita. A Stavanger akwai ofishin SUA, inda 'yan sanda da hukumar haraji ke karɓar ma'aikata baƙi a wuri guda. Nemi ranar ganawa da wuri. In za ka kama gida, kuɗin ajiya asusu na musamman ake buɗe masa da sunanka. Duk mai gidan da ya ce ka tura masa a asusunsa, ka ja baya.

Yanzu ga abin da ya fi karya baƙo. Mutum yana zuwa da tsoron ƙanƙara, sai ya tarar ba ita ce matsalar ba, don a gaɓar nan ba ta cika daɗewa a ƙasa ba. Ruwa ne da iska. Ruwan ba daga sama kaɗai yake zuwa ba, daga gefe yake dukanka, lema kuma iska kan birkice ta kafin ka kai tashar mota. Sayi rigar ruwa da wandonta, da takalmin da ba ya shan ruwa, da rigar ulu ta ciki wadda ke manne da jiki. Ba sai sababbi ba, akwai na hannu masu kyau a shagunan Fretex da shafin intanet na Finn.no. Ka leƙa makarantar renon yara da safe: ana tafka ruwa, yara na waje sanye da kayan roba suna haƙa taɓo. Yadda ake rayuwa a nan ke nan. Wanda ya ce sai an ɗauke ruwa zai fita, zai shafe wata biyar a ɗaki, kuma zaman ɗakin nan a cikin duhun Disamba, lokacin da hasken rana bai wuce awa shida da ɗan abu ba, shi ke jefa mutane cikin ƙunci. Ka rataya ɗan abin nan mai ƙyalli a rigarka don direbobi su hango ka, ka kuma tambayi likitanka batun bitamin D, domin baƙar fata ba ta samun isasshe a wannan rana.

Harshe: Turanci zai kai ka kanti da ofis, amma aikin jinya, kula da tsofaffi da yawancin ayyukan ƙaramar hukuma sai da Norwejiyanci. Kada ka karaya idan ka fito daga aji ka kasa gane maƙwabcinka. Karin harshen Rogaland daban yake da na littafi, harafin r ma daga maƙogwaro suke fito da shi. Ka ce a maimaita, ba sa jin haushi.

Akwai masallatai a Stavanger da Sandnes, akwai naman halal a shagunan baƙi. Layya dai ba a yin ta a bayan gida, doka ta hana yanka ba tare da an sumar da dabba ba, saboda haka a bi ta masallaci ko a aika gida. A watan Yuni dare ɗan kaɗan ne, isha'i da asuba suna kusan haɗuwa. Bi jadawalin masallacin da kake salla.

Iyaye, don Allah ku riƙe wannan da kyau: dukan yaro laifi ne a Norway, ko da mari ɗaya ne, kuma malaman makaranta wajibi ne a kansu su kai rahoto.

Idan aka liƙa sanarwar aikin gayya a unguwa, wanda suke kira dugnad, ka fita ka ɗauki tsintsiya. Mutanen nan ba sa yawan gaisuwa a hanya, amma a wurin gayya da hawan dutse bakinsu kan buɗe. Preikestolen, dutsen da ke tsaye mita 604 a kan reshen tekun Lysefjord, tafiyar wajen awa biyu ce zuwa sama. Ka bari sai bazara, ka tafi da ruwan sha da takalmin kirki. Lambobin gaggawa kuma ka sa su a waya yau: 113 motar asibiti, 112 'yan sanda, 110 kashe gobara.