Yadda na ƙara ƙ, ɗ da ɓ a font

Katin ɗaurin aure muka buga a Jidda, sai ƙ, ɗ da ɓ suka fito 'yan akwatuna, domin font ɗin, wato salon haruffan da muka yi amfani da shi, ba shi da su. Lasisinsa na OFL, wato lasisin font na kyauta, ya halatta gyara, don haka na buɗe shi a FontForge, manhajar gyaran font.

Kan harafin f na yanko na ɗora wa k, d da b, kaurin lanƙwasar ya zo ɗaya da sauran haruffa. Na ajiye su a U+0199, U+0257 da U+0253, wato lambobin da kwamfuta ke gane waɗannan haruffa da su.

Ƙaramin harafin ɗ shi ne mai wahala: lanƙwasarsa na taɓa ɗigon i a kalmar "ɗinki". Na rage tsawonta, na ƙara tazara ta dama. Kafin adanawa na sauya wa font ɗin suna, domin a bambanta shi da na asali.