Yadda ake zuwa kufan Koh Ker da Beng Mealea a dajin Kambodiya

Koh Ker da Beng Mealea kufan tsofaffin wuraren bauta ne. Daga Siem Reap, birnin da ke kusa da shahararrun kufan Angkor, ake tashi. Beng Mealea na da nisan kilomita kusan 65, Koh Ker kuma kusan 120, duk a hanya ɗaya, don haka yini guda ya isa. A ɗauki shatar mota da direba. Tuktuk ɗin (keken haya mai inji) da ke yawo da baƙi a Angkor ba na wannan tafiya ba ne, zai cinye rabin yini a hanya, a isa an sha ƙura.

A fita da asuba, a fara da Koh Ker. Nan ne babban birnin daular Khmer, tsohuwar daular Kambodiya, daga shekarar 928 zuwa 944, wanda Sarki Jayavarman na Huɗu ya kafa, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2023. Dalar Prasat Thom mai hawa bakwai ta kai mita 36, ana hawanta ta matakalar katako, babu inuwa ko kaɗan. Wanda ya bari rana ta take zai ji a jikinsa. Kada a wuce Prasat Pram, inda saiwoyin itace suka naɗe hasumiyar tubali kamar an jefa mata koma. Beng Mealea, ginin ƙarni na 12, a bar shi sai da yamma, bishiyoyi sun yi masa rumfa. Tikitin Angkor, dalar Amurka 37 na yini ɗaya, yana shigar da mutum Beng Mealea. Koh Ker tikitinsa daban.

Abin da ba a wasa da shi shi ne nakiya. An binne su da yawa a wannan yanki lokacin yaƙin basasa. An cire su a kewayen gine-ginen, dajin da ke bayansu kuwa ba duka ba. A bi hanyar da ƙafa ta riga ta taka, ko fitsari ne ya matsa kada a kutsa cikin ciyawa. Jan allo mai hoton ƙoƙon kai na nufin a tsaya nan.

A Beng Mealea an shimfiɗa gadar katako a kan tarin duwatsun da suka rufta. A tsaya a kanta. Gansakuka na sa dutsen santsi, wasu tubalan kuma suna motsi idan an taka, ga asibiti da nisa.

Guzuri: ruwa lita uku ga kowane mutum, takalmi mai riƙe ƙasa, man sauro saboda zazzaɓin dengue, da tufafin da ke rufe kafaɗa da gwiwa, domin har yau mutanen yankin na ibada a wuraren. A riƙe ƙananan takardun dala masu tsabta ko riel, kuɗin ƙasar, don 'yan kasuwa kan ƙi dalar da ta yage.

Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗi. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani. Da damina, Mayu zuwa Oktoba, daji kan yi kore shar, amma ruwan yamma na jiƙa matakala, sai a hau a hankali.