Yadda Ake Gyaran Shokabzobar Babur a Gida

Yawancin waɗanda na gani suna taɓa shokabzobar babur da kansu, da zarar babur ya fara dukan ƙugu a gargada sai su ruga sayen sifirin mai tauri. Ni a wurina awo ake fara yi kafin a kashe ko sisi.

Ka ɗaga baya har taya ta bar ƙasa, ka auna daga tsakiyar sandar taya zuwa wata alama da ka yi a jikin babur daidai samanta. Sauke shi, ka hau da kayan da ka saba ɗauka, wani ya riƙe maka ya sake aunawa. Bambancin ya kamata ya faɗa tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku na iyakar nisan da tayar baya ke iya motsawa sama da ƙasa. A manyan baburan titi wajen milimita 30 zuwa 35 ke nan. In ya zarce, juya zoben da ke gindin sifirin da sifana mai ƙugiya, mataki ɗaya-ɗaya. Mai shokabzoba biyu a baya ya tabbata duka suna mataki guda. Zoben nan ba ya ƙara wa sifirin tauri, tsayin zaman babur kawai yake gyarawa. Sai ka kai shi ƙarshe babur bai daina nutsewa ba, sannan maganar sabon sifirin ta taso.

Yanzu gaba, inda aikin yake. Kafin ka zare ƙafafun, wato bututu biyun nan da ke riƙe da tayar gaba, sassauta notin da ya matse su a sama kusa da kan babur, sannan ka ɗan kwance murfin kowace ƙafa tun tana daram a mazauninta. Wanda ya zare ta tukuna zai yi ta kokawa da bututu mai santsi yana juyawa a hannunsa, ƙarshe ya kama shi da filaya ya ƙwarzane. Lokacin cire murfin ka danne shi da tafin hannu, domin sifirin na turo shi, kuma kada ka sa fuskarka a saitinsa.

Zare sifirin, ka lura da wane kai ne ke sama. Kifa bututun, ka yi ta turawa da ja har tsohon mai ya tsiyaye. Za ka gan shi toka-toka, mai wari, wani lokaci da ƙyalƙyalin garin ƙarfe. Bi jikin bututun da farce: in farcenka ya maƙale a ɗigon tsatsa, wurin nan zai yaga sabon sil, wato robar da ke hana mai yoyo, cikin 'yan makonni, ka yi asarar kuɗi da wahala.

Zuba mai shi ne inda na taɓa shan kunya. Na auna da kofi na zuba, ban kula ragowar tsohon mai na ciki ba, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya cika, gaban babur ya sandare kamar itace. Tun daga ranar tsayin mai nake aunawa. Sifirin na waje, bututu a tsaye cak, a danne shi har ƙasa. Zuba mai, ka tura ka ja a hankali sau goma ko fiye har kumfa ya daina tasowa, ka bar shi ya huta minti goma. Sai ka auna daga bakin bututu zuwa saman mai, daidai da adadin da littafin baburinka ya faɗa. Sirinji da siririn tiyo sun isa zuƙe abin da ya yi yawa, ba sai ka sayi wani kayan aiki ba. Iskar da ta rage a sama ita ma sifirin ce, shi ya sa milimita 10 kacal ke sauya halin babur. Mai kuwa na shokabzoba za ka sa, 10W in littafin bai ce wani abu daban ba. Baƙin man inji ba na nan ba ne.

Mayar da komai, ƙafafun biyu su leƙo sama daidai wa daida. Kafin ka ɗaure notin da ke matse sandar taya, kama birkin gaba ka danna babur sau biyar ƙafafun su daidaita, sannan ka ɗaure. Wanke duk man da ya taɓa faifan birki, ka matsa birki har ya kama kafin ka hau titi. Shokabzobar baya mai iskar nitirojin kuwa kada ka buɗe ta a gida. In ta fara yoyo, ka cire ta ka kai wa gwani ko ka canza.