Yadda za ka hango Centaurus A daga Zariya

Centaurus A, mai lamba NGC 5128, gungun taurari ne mai siffar ƙwai da ke sararin kudu, nisansa kimanin shekarun haske miliyan 12. James Dunlop ne ya gano shi a Ostareliya a 1826. Daga Zariya yana ɗagawa har digiri 36 sama da ƙasa, matsayin da Turai ba ta samu.

Lokacin shi ne Afrilu zuwa Mayu. A tsakiyar Afrilu yana kai ƙololuwarsa wajen 12:20 na dare, a tsakiyar Mayu wajen 10:20. Hazon hunturu yana shafe shi ƙaf, don haka daren da ya fi shi ne wanda ruwan fari ya wanke ƙura, hadari kuma ya waye. Zaɓi ƙarshen watan Musulunci ko farkonsa, lokacin da babu farin wata. Ka fita kudu da birni, fitilu su koma bayanka. Daga Samaru hasken gari zai tare maka wani ɓangare na kudun. Kada ka je kai kaɗai.

Madubin hangen nesa na hannu mai 10x50, wato mai ƙara girma sau 10 da faɗin baki milimita 50, ya wadatar. Fara da tauraro Spica, manhajar Stellarium za ta nuna maka shi. Idan ya daidaita kudu sak, miƙa hannu ka dunƙule: dunƙule ɗaya kusan digiri 10 ne. Sauko uku da rabi, za ka tarar da curin taurarin Omega Centauri, mai haske sosai. Ajiye shi a ƙasan madubi, ka duba digiri 4.5 sama da shi. Wani ɗan fari-fari dishi-dishi kamar ɗigon nono a ruwa, shi ne.

Nan ake yawan kuskure: mutum ya ga Omega ya ɗauka ya iso. Sai kuma waya, wadda haskenta ke kashe ido. Ba idonka minti 20 cikin duhu, ka mayar da fuskar manhajar ja. Rawar hannu ma na ɓatar da Centaurus A, sai ka jingina gwiwar hannu a kan katanga, ka kalli gefensa kaɗan maimakon tsakiyarsa.

Baƙin layin ƙurar da ya ratsa shi, wanda masana ke dangantawa da haɗewarsa da wani gungu, yana son na'urar hangen nesa mai faɗin baki milimita 150 kafin ya fito sosai. Launukan da ake gani a hotuna kuwa aikin kamara ne, ido ba ya kama su.